Sarauniyar da Ba Ta Yin Gumi

Sansanin kifi, Alaska
4 ga Yuni, 2006

Zuwa ga 'yar uwata Maudry,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da 'yarki Josette da duk mutanen Anse Verte. Yaya gwiwar taki? Ina fata kin daina hawa kujera kina sauke labule da kanki. Ni dai na iso lafiya, in ban da ƙarnin kifi da ya shige min har cikin matashin kai. Ƙarti sittin nake dafa wa abinci, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya san bambancin miyarmu ta gumbo da ruwan wanke-wanke. Jiya wani ya tuttula wa shinkafata tumatirin kwalba a kan idona, sai da na juya baya don kada in yi abin da za a sallame ni.

Na gode da kika yarda za ki riƙa karɓo min maganina a kemis ɗin Mista Falgout kina aiko min duk wata. Kakanninmu ne kawai suka fito ciki ɗaya, amma kin fi min waɗanda muka sha nono ɗaya amfani, su da ko gaisuwar Kirsimeti ba sa amsawa. Nan babu kemis, babu likita. Ƙaramin jirgin sama ne yake kawo wasiƙu sau ɗaya a mako, shi ma in hazo ya bar shi ya sauka.

Kin tambaye ni ko maganin yana aiki. Yana yi. Kin san yadda ciwon ɓarin kan nan yake kayar da ni tun muna 'yan mata, in kwana biyu a ɗaki mai duhu da bokiti a gefen gado. To, tun Ista sau biyu kacal ya zo. Amma kada ki ɗauka kyauta ne. Ranar da Dakta Sonnier ta rubuta min shi, sai da ta zaunar da ni kamar 'yar makaranta.

Ta ce, "Earline, wannan ba maganin ranar ciwo ba ne, na tare hanya ne. Kullum za ki sha, da ciwo da babu. Da kaɗan za mu fara, mu riƙa ƙarawa a hankali. Ki sha ruwa kamar saniya, in ba haka ba tsakuwa ta taru miki a ƙoda. Giya babu. Ki kiyayi zafin rana, don yana iya hana mutum yin gumi, jiki ya dahu daga ciki. In idonki ya yi ciwo ko ganinki ya dushe farat ɗaya, asibiti a ranar, ba gobe ba. Kuma kada ki yanke shi rana ɗaya. Af, kina da niyyar haihuwa? Don yana yi wa ɗan tayi illa."

Na ce, "Dakta, shekarata hamsin da shida, mijina yana maƙabarta. Sai dai in mu'ujiza."

Ban da waɗannan da ta lissafa, ga wasu illolin da suka same ni. Yatsuna suna min kamar ƙiyashi na yawo a ciki. Lemon kwalba, da nake mutuwar so, yanzu in na kurɓa sai in ji kamar na lashi tsohon ƙarfe. Magana tana ɓace min a baki. Shekaranjiya na tsaya a tsakiyar kicin ina nuna ludayi da hannu, sunansa ya ƙi zuwa, ni da na tsufa da shi a hannu. Abinci ya fita daga raina, ina dafawa ina ƙyamarsa, na rame har sai na ɗaure siket da igiyar buhu. Da ba don na san abin da ke jirana in na daina ba, da tuni na watsa kwalbar a teku.

Ki ce wa Josette ni Nanan ɗinta, uwar baftismarta, na yi kukan murna da na ji an zaɓe ta Sarauniyar Jatan Lande ta bana. Tun ranar da na riƙe ta a coci aka yi mata baftisma na san yarinyar nan za ta yi abin faɗa. Baƙin cikina ɗaya, bikin zai zo ina nan ina fama da kifi.

Taki,
Earline

*

Anse Verte, Louisiana
19 ga Yuni, 2006

'Yar uwa Earline,

Mun gode Allah muna lafiya, gwiwa kuma da sauƙi. Ga maganinki nan a cikin ambulan, na naɗe kwalbar da safa don kada ta fashe.

Ke, Earline! Da gaske kin rame har da igiyar buhu? Ke da kujerar coci take kuka in kin zauna? Sau uku na karanta wurin nan. Cikin wata nawa? Tun makon farko ya fara, ko sai da aka ƙara yawansa? Ki ba ni labari dalla-dalla, kin san ni da son sani.

Mu nan babu zancen da ake sai na biki. Na sauko da rigata daga saman sif, wadda na sa a shekarar da na ci sarauta, 1979. Ko dutsen ado ɗaya bai faɗi daga jikinta ba. A tarihin garin nan ba a taɓa yin uwa da 'ya sun hau jirgin ruwan sarauniya da riga ɗaya ba, mu ne za mu fara. Na riga na faɗa wa kwamiti, na faɗa wa mai jarida. Matsalar ɗaya ce, zif ya ƙi rufuwa. Josette ta ɗauko ƙirar dangin ubanta, duk faɗin baya.

Na kai wa Miss Ozema tela, ta juya rigar ta juya, ta ce, "Maudry, yadin nan ya tsufa, in na farke shi ba zai koma ba. Ki bari in ɗinka wa yarinya sabuwa daidai jikinta."

Na ce, "Sabuwa kuma? Kowace 'yar talla tana iya sa sabuwa."

Ta ce, "To sai dai ki rage yarinyar."

Dariya take yi, amma ni ban ga abin dariya ba. Yarinyar nan bakinta ba ya hutawa, in ba tsiran alade ba, soyayyen kaguwa. Na kulle firiji, sai ta tafi gidan maƙwabta ta ci. Saura wata biyu. Ga alkyabbar karan-miski da kambi suna jira, su dai babu ruwansu da faɗin baya.

Josette tana gaishe ki. Ki amsa min tambayata.

Taki,
Maudry

*

Sansanin kifi, Alaska
3 ga Yuli, 2006

Maudry,

Gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Ni da sauƙi, kifi ya shigo sosai, ba ma samun zama.

Na rubuta miki shafi biyu a kan yatsu masu ƙaiƙayi, da bakin da ya mutu, da kwanyar da take manta sunan ludayi, ke kuma abin da kika tsinta a ciki shi ne siket. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ramar nan ba ado ba ce, Maudry. In na kalli madubi tsohuwar kaza nake gani bayan an fige ta. Ba zan ba ki wani labari dalla-dalla ba.

Sai maganar kwalba. Ta iso, amma an ɓalle murfin, kuma da na girgiza ta na ji ta yi sako-sako. Na zazzage a faranti, kusan kashi ɗaya cikin uku babu. Mista Falgout ya shekara talatin yana ba mu magani, ban taɓa jin ya yi wa kowa ƙwange ba. Don haka bari in tambaye ki kai tsaye, ke kike sha? Na san ki. Na san kina son ki tsaya kusa da Josette a hoto a ce yaya da ƙanwa ne. In ke ce, to ki ji tsoron Allah. Ke mai hawan jini, mai kurɓar giya da yamma a baranda, wadda rabonki da shan ruwa kofi guda tun zamanin makaranta. Likita ne yake duba mutum kafin ya ba shi, ba a arar sa kamar tukunya. In kin riga kin fara, kada ki yanke da kanki, ki je wurin Dakta Sonnier ki faɗa mata gaskiya, kunyar ba za ta kashe ki ba.

Ni kuma kin san halin da kika jefa ni? Dole na riƙa tsallake na safe don ya kai ni wata. Ranar Talata ciwon ya dawo. Ya fara da walƙiya a gefen idon hagu ina cikin yanka albasa, kafin azahar ina durƙushe a bayan kicin ina amai, ƙarnin kifi yana ƙara tunzura shi. Ƙartin nan biskit da kifin gwangwani suka ci ranar, kuma ko tausayinsu ban ji ba.

Game da riga, ki ji maganar Miss Ozema. Jikin Josette ba shi da laifin komai. Yarinya 'yar sha tara, mai lafiya, mai ɗaga kwandon jatan lande da hannu ɗaya, me ake nema kuma? Ki bar ta ta ci abincinta.

Kwalbar wata mai zuwa ta zo min a rufe.

Earline

*

Anse Verte, Louisiana
24 ga Yuli, 2006

'Yar uwa Earline,

Muna lafiya lau, sai zafi, kin san Yulinmu, ko kare ba ya fita.

Wasiƙarki ta ƙona min rai. Na rantse da kabarin Mama, ko ƙwaya ɗaya ban sa a bakina ba. Ni ina ruwana da maganin da yake mayar da mutum wawa? Wataƙila a hanya ta zube, kin san ma'aikatan gidan waya. Ga ta wannan watan, ita ma murfin ya ɗan saki, ban san me yake damun kwalaben bana ba.

Bari in ba ki labari mai daɗi, ko kya daina ɗacin rai. Zif ya kusa rufuwa! Saura faɗin yatsa biyu. Josette ta natsu, ta san abin da ke gabanta. Yanzu sai in ajiye mata faranti ta tsakura ta ture. Lemon kwalbar nan da take sha kamar ruwa, da kanta ta daina, wai ya lalace, kamfani sun canza shi. Na ce to madalla da kamfani. Ruwa ma ina ƙayyade mata, don yana kumbura ciki, ni ma haka na yi a zamanina.

Ranar Asabar aka yi gwaji a bakin tashar jiragen ruwa, da tsakar rana, da alkyabba da kambi da komai. Earline, da kin gani! Sauran 'yan matan rakiya duk sun jiƙe sharkaf, hoda tana dalala a wuyansu kamar kunu. 'Yar gidan Trahan har da baƙin kwalli a kumatu. Josette kuwa ko ɗigo. Fuskarta a bushe, kumatu sun yi ja da kansu, ba sai an shafa komai ba. Matar shugaban kwamiti ta matso ta ce min, "Maudry, wace hoda kike sa mata?" Na ce, "Jini ne, 'yar nan, sarauta a jini take."

Abu ɗaya ne yake ba ni haushi, jawabi. Layi shida ne kacal za ta yi wa Fada Leger maraba kafin ya sa wa jirage albarka, amma sai ta kai tsakiya ta tsaya tana kallon mutane da baki buɗe. Rannan kalmar "masunta" ce ta ɓace mata, ita da ubanta masunci ne. Na ce, "Josette, kada ki kunyata ni a gaban garin nan." Ta ce, "Mama, ina ganin kalmar, ta ƙi fitowa ne." Tsoron taro ne kawai, zai wuce. Tana kuma yawan murza yatsu, na hana ta, sarauniya ba ta wasa da hannu.

Ranar Lahadi sha uku ga Agusta ne. Ki sa mu a addu'a zif ya ƙarasa.

Taki,
Maudry

*

Sansanin kifi, Alaska
11 ga Agusta, 2006

Maudry,

Ba ni da gaisuwa yau. Hazo ya hana jirgi sauka fiye da mako biyu, sai da safen nan wasiƙarki ta shigo hannuna. A tsaye na karanta ta, na kai ƙarshe na nemi buhun shinkafa na zauna.

Gaskiya kika rantse, ba bakinki kika sa wa ba. Na yi ta zarginki da son hoto, ashe na raina muguntar. Lemon da ya lalace, yatsun da take murzawa, kalmar da ta ƙi fitowa, ai ni kike kwatantawa, Maudry, duk na rubuta miki su da hannuna. Kuma kika zauna kina min alfahari da fuskar da ba ta gumi. Wannan jan kumatun ba sarauta ba ce, jikinta ne yake tara zafi ba shi da ƙofar fitarwa. Sannan kika hana ta ruwa. A Louisiana, a Agusta, cikin karan-miski!

Na bar tukunya a wuta na je ofis, inda waya ɗaya tak ta sansanin take. Na yi ta bugawa injin amsa kira yana ɗauka, da muryarki ta yanga, wai gidan sarauniya ne, a bar saƙo. Da kika ɗauka daga baya, ina so ki ga abin da kika ce min a rubuce, don na san za ki musa.

Na ce, "Me kike ba yarinyar nan?"

Kika ce, "Haba Earline, 'yar ƙwaya ce safe da yamma, na ce mata bitamin ne. Ke ba ga ki a raye ba?"

Na ce, "Ni ina Alaska da rigar sanyi! Ki kai ta wurin likita yau, ki cika ta da ruwa, ki cire mata alkyabbar nan."

Kika ce, "Zif ya rufu jiya. Bayan biki ma yi magana, ga mai gyaran gashi tana jira." Kika kife wayar.

Na buga wa Dakta Sonnier, Juma'a ce, sun tashi. Na buga gidan Fada, wata yarinya ta ce yana tashar jirage, za ta faɗa masa. Wayar Josette kuwa na san tana jakarki, don ba ta taɓa ƙin ɗaukar kirana ba sai yau. Gobe zan sake gwadawa, da jibi.

Na san takardar nan ba za ta iso ba sai komai ya wuce. Ina rubutawa ne don hannuna ya sami abin yi. Ban taɓa jin ƙyamar mutum irin wadda nake ji a yau ba, kuma da maganina kika yi, da sunana a jikin kwalbar.

Earline

*

Anse Verte, Louisiana
19 ga Agusta, 2006

'Yar uwa Earline,

Da fatan kina lafiya. Wasiƙarki ta zo, kuma ban cancanci irin kalaman nan ba a halin da nake ciki. Na san Miss Ozema ta riga ta buga miki ta ba ki nata labarin, to ga nawa.

Josette tana raye, tana asibiti, an fito da ita daga ɗakin masu tsanani ranar Alhamis. Da safen bikin lafiya lau take, sai ɗan ciwon kai. Fada Leger ya ja ni gefe ya ce an ba shi wani saƙo daga Alaska, na ce masa ya yi haƙuri da ke, maganinki ne yake rikita miki kai. Ta hau jirgi, Earline, kuma ba a taɓa yin sarauniya irinta ba, kowa ya faɗa. Mutane suna tafi tun daga gada har tasha. Da aka miƙa mata abin magana sai ta fara wasu surutai marasa kan gado, ta kira Fada da sunan ubanta, sannan ta sulale. Da na taɓa ta kamar murfin tukunya.

Wani ɗan gidan Trahan, ko izini bai nema ba, ya kinkime ta ya tsoma a cikin akwatin ƙanƙarar jatan lande, da riga da komai, cikin ƙarni. Likita ya ce wai wannan ne ya cece ta. To na ji. Amma masu motar asibiti da suka zo, almakashi suka sa wa rigar tun daga wuya har ƙasa. Ina ihu ina cewa akwai zif a baya, ko kallona ba su yi ba. Duwatsun suka watse a kan katako, mutane suna takawa. Shekara ashirin da bakwai ina adana rigar nan.

Sun ce ƙodarta ta jigata, za su riƙa dubawa, kuma akwai 'yar tsakuwa a ɗaya. Sun ce ta guji rana har ƙarshen shekara. Kwamiti ya bar mata kambinta, wannan kam sun kyauta.

Yanzu ga abin da nake roƙo. Likitan ya tsare ni da tambaya, ina ta sami maganin. Na ce naki ne da kika bari a gidana, ta ɗauka bisa kuskure tana zaton bitamin ne. In sun neme ki, ki ce haka ne. Ba ki san yadda ake kallona a kanti ba. Kuma in za a bi gaskiya, ke kika fara, da ba ki rubuta min zancen igiyar buhu ba, ina zan san akwai irin wannan magani? Ni uwa ce, abin da zai ɗaga 'yata na nema.

Na sa miki hoton jarida a ciki, an ɗauka kafin ta faɗi. Ki duba fuskar nan.

Taki duk da haka,
Maudry

*

Anse Verte, Louisiana
12 ga Satumba, 2006

Nanan,

Ina gaishe ki, ina fata kanki da sauƙi. Na dawo gida, ina samun ƙarfi. Mama ta ce ba ki amsa mata ba, kuma kin sa Mista Falgout ya riƙa aika miki maganin da kansa. Ta ce kin faɗa wa likita komai a waya. Ba na jin haushinki, Nanan. Mama tana kuka kullum, amma ban san ko don ni ba ne ko don rigar.

Zan faɗa miki wani abu, kada ki faɗa wa kowa. Tun mako na biyu na san ba bitamin ba ne, na ga sunanki a kwalbar cikin jakarta. Na yi shiru. Nanan, tunda nake ba a taɓa kallona yadda aka kalle ni a watan nan biyu ba. Har Mama ta riƙa kama hannuna a kanti tana nuna ni. Yanzu abinci ya dawo min da daɗinsa, ina ci kamar an sako ni daga kurkuku, wandunan da aka saya min a Yuli sun fara matse ni. Jiya Mama ta kalle ni ina cin burodi, ta tashi ta bar teburin.

A watan Janairu akwai babbar liyafa ta duk sarauniyoyin bukukuwan jiha. Lokacin sanyi ne, kuma a cikin ɗaki, don haka zancen gumi bai taso ba. Ruwa kuma zan sha da yawa, na yi alkawari. Na sami wani likita a Lafayette da bai san mu ba. Abin da nake so kawai, ki rubuta min yadda ciwon ɓarin kan yake, daga ina yake farawa, me kike gani, kwana nawa yake yi, sau nawa a wata ya kamata in ce yana zuwa. Ke kin fi kowa sani. In na faɗa daidai zai rubuta min nawa na kaina, ba sai an taɓa naki ba.

Don Allah, Nanan. Ke kaɗai nake iya tambaya.

'Yarki,
Josette

*

Sansanin kifi, Alaska
22 ga Satumba, 2006

Josette, 'yata,

Ina gaishe ki, na gode Allah da kika tashi. Kaina da sauƙi.

A'a. Ba zan rubuta miki ba, ko layi ɗaya. Shekara arba'in ciwon nan yana cina. Ya hana ni zuwa jana'izar mahaifina, ina kwance a ƙasan banɗaki da tawul a fuska ina jin ƙararrawar coci. Shi kike so in koya miki kamar jawabin maraba, ki je ki karanta wa likita. Da na gama wasiƙarki sai da na fita waje na tofar da yawu. Ba ke nake ƙyama ba, ki ji ni da kyau. Abin da aka mayar da ke nake ƙyama, da duk bakin da ya yi miki tafi kina dahuwa a tsaye.

Kuma ba zan rufa miki wannan asirin ba. Ƙodarki ba ta warke ba, maganin nan ba ruwansa da Janairu ko Agusta wajen tara tsakuwa. Na riga na buga wa Dakta Sonnier na karanta mata abin da kika rubuta. Ta ce akwai wata likita da take zama da 'yan mata a kan irin wannan, za mu je tare. Ki ji haushina yadda kike so, ki daina ce min Nanan in kin ga dama, zan iya ɗauka.

An roƙe ni in zauna har a rufe sansani a ƙarshen Oktoba, na ce su nemi wata. Jirgin mako mai zuwa zan biyo. Gidana yana da ɗaki biyu, ɗaya babu kowa sai keken ɗinki, zan fitar da shi baranda. Ki haɗa kayanki, waɗanda suke shigarki yanzu. Kambin ki bar wa uwarki, ita ta fi bukatarsa.

Nanan